Tukunyar da Mzee Ogolla Ya Kifa wa Intanet

Ni ce maƙwabciyar da aka ɗora wa laifi, don haka ni ya kamata in ba da labarin.

A layinmu na Nyalenda, cikin Kisumu, gidaje a manne suke. In ka yi atishawa, maƙwabci ne zai ce maka sannu. Da kamfanin intanet ya shigo unguwa, kowa ya sa aka kafa masa ɗan farin akwatin nan mai ƙaho biyu. Akwatin na kamfani ne, su ke sarrafa shi daga ofis, naka kawai ka jona shi da wuta ka ƙyale shi. Kowa ya yarda da haka, ban da Mzee Ogolla, wato dattijo Ogolla.

Mzee tsohon makanikin jiragen ruwa ne, kuma a wurinsa duk abin da ba a kwance da sifana ba, ba a gyara shi ba. Abu ɗaya ya sa ya karɓi akwatin: 'yarsa Apondi, da ke aikin jinya a Ostareliya, ta haihu, ta ce ranar Lahadi bayan coci za ta nuna masa jaririn ta kiran bidiyo. Jikansa na fari ke nan. Tsoho har sabuwar hula ya saya.

Sai intanet ɗinsa ta fara tsinkewa. Ya tsaya a ƙofar gida ya kira kamfani, ya buɗe muryar waya don duk layi ya shaida. Wata yarinya mai sanyin murya ta ce, "Baba, akwatinka lafiyarsa ƙalau. Akwatunan maƙwabta ne suka yi yawa, duk kuna kan layi ɗaya, suna danne wa juna murya. Yanzu zan mayar da kai wani layin daga nan. Kada ka taɓa komai."

Ta kuwa gyara, don a yammacin har waƙoƙin coci muka ji daga falonsa. Amma cikin duk bayaninta, "maƙwabta" kaɗai Mzee ya riƙe. Gyaran da ba a yi gumi a kansa ba, in ji shi, ba zai kai Lahadi ba.

Washegari sai ga shi a ƙofata, yana kirana da sunan garinmu kamar kullum.

"'Yar Alego, akwatinki yana shigo mini gida."

"A ƙafa ko a kan babur, Mzee?"

"Ki kashe shi kafin Lahadi."

"In kashe, yarana su cinye ni ɗanya? Ai kai ma naka yana shigo mini, ban kai ƙara wajen kowa ba."

Ya tafi yana huci. Kafin rana ta take, na ji guduma: yana kafa tsohon kwanon rufi a bangon da ya raba mu. Intanet ta soma jan ƙafa, ya ce ashe maƙiya ta sama suke zuwa. Ranar Asabar, matarsa na kasuwa, ya ɗauko babbar tukunyarta ta dalma ya kifa wa akwatin, ya shimfiɗa kyallen saƙa a kai, ya ɗora furen roba. Intanet ta mutu murus.

Ya sake kiran kamfani. Yarinyar ta ce, "Baba, akwatinka na aiki, amma ba waya ko ɗaya da ke jinsa. A ina ka ajiye shi?"

"Inda maƙiya ba za su same shi ba."

"Kana ganin fitilunsa?"

"'Yata, wannan sirrin tsaro ne."

Ta ce za su turo ma'aikaci ranar Litinin.

Lahadi ta zo, falo ya cika da dangi da 'yan coci. Ni ma na shiga, kuma don tausayi na kashe akwatina, yarana suna zumɓura baki. Duk da haka shiru. Mzee na riƙe da waya, sabuwar hula ta jiƙe da gumi. Wallahi haushinsa da nake ji duk ya gudu.

A kicin kuwa an soya kifi, ba ugali, wato tuwon masara, don tun safe Maman Apondi ke neman tukunyarta. Ta shigo falo tana share hannu, idonta ya faɗa kan wani sabon tebur mai fure wanda ba ta san da shi ba. Ta ɗaga kyallen.

"Baban Apondi! Tukunyata ka yi wa kwalliya kamar amarya?"

"Kada ki taɓa! Tsaro ne!"

"To baƙi tsaro za su ci da kifi?"

Ta fizge tukunyar. Akwatin ya bayyana da zafi kamar an sauke shi daga murhu, kuma nan take wayar Mzee ta ɗauki ƙara. Ya danna da ƙyar. Sai ga Apondi tana dariya, ta juyo da wata 'yar fuska mai manyan kunnuwa, sak irin na wani da muka sani.

"Baba, ga Ogolla ƙarami."

Falo ya ɓarke da guɗa. Tsoho ya cire hula, hawaye na bin kumatunsa, ya waigo gare ni.

"Kin gani ko, 'yar Alego? Da kika kashe naki, ai ga shi."

Na buɗe baki, amsa na kan harshena, ga tukunya a hannun matarsa shaida. Sai na ga ya sa ɗan yatsansa mai kanta yana shafa kumatun jaririn a kan gilashin waya, a hankali, wai kada ya ji masa ciwo.

Na ce, "Haka ne, Mzee. Laifina ne."