Ranar da Muryar Tsawa Ta Dushe

Tsawa ake ce masa a masaƙa, kuma ya ci sunan. Shi ne kakakin ƙungiyar ma'aikata. In ya hau benci a farfajiya ya gyara murya, har masu gadi sukan bar ƙofa su matso. Da bakinsa aka samo wa masu rini safar hannu, da bakinsa kuma aka shiga yajin aikin da yanzu ya fara kife tukwanen mutane. Yayarsa tana sashen rini tun kafin a ɗauke shi aiki. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, shi ya sa duk masaƙa Yaya ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Bene ɗaya suke haya, tana ƙasa, yana sama.

Ranar babban taro, da za a yanke ko a koma sulhu ko a yi tattaki zuwa ma'aikatar ƙwadago, matar Tsawa ta sauko da sassafe.

"Yaya, zo ki ga ƙanenki. Murya ta tafi."

Ta same shi a bakin gado, tawul naɗe a wuya, kofin ruwan zafi da zuma a hannu. Ya nuna maƙogwaro, ya buɗe baki, iska kawai ta fito.

"Sannu," in ji Yaya, amma idonta na aiki. Babu tari, babu majina. Jiya da yamma ta ji shi ta cikin silin yana ƙyaƙyata dariya. Sannan ga batun Mai Farar Mota, ɗan jam'iyyar nan da ke farautar masu baki duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato. A 'yan kwanakin nan ta sha ganin motarsa a ƙofar benen.

"Tashi mu je kemis," ta ce.

Mai kemis ya haska tocila cikin bakinsa, ya ce, "Ya ɗan yi ja."

"Ja na ciwo, ko ja irin na kowa?"

"Yaya, magani nake sayarwa, ba rantsuwa ba."

Tsawa ya yi murmushi. Ita ba ta yi ba.

Zauren ƙungiya ya cika maƙil, fanka na juya zafi, wasu sun ɗare tagogi. A waje kuma ga manyan motocin haya an jera, suna jiran masu tattaki. Da aka gaya wa Shugaban ƙungiya abin da ya faru, Yaya ta lura ba tausayi ne ya zo fuskarsa ba, haushi ne.

"Ko raɗa ce ka yi musu a makirufo," ya ce. "Ka ce mu tafi, shi ke nan."

Tsawa ya girgiza kai, ya koma kujerar roba ya zauna.

Dole Shugaba ya hau da kansa. Shi kuwa in yana magana sai ka ce sanarwar ɗauke wuta ake karantawa. Bai yi nisa ba aka fara hamma, aka fara hira. Sai wata mata daga sashen ɗaurin kaya ta miƙe ta ce ita dai yaranta uku, tana so ta san wanda zai riƙe su in an kama ta. Wani tsohon makaniki ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, motocin nan na waje, wa ya kawo su? Asusunmu ko keke ba zai ɗauko ba."

"Masu fatan alheri ne."

"Alherin wa?"

Zaure ya kaure. Yaya ta daɗe tana zuwa taro, ba ta taɓa jin bakuna da yawa haka ba. Da, Tsawa ke magana, sauran su tafa. Yau kowa na zargin kowa: wannan ya ce kamfani ya turo wancan, wancan ya ce 'yan siyasa ne suka shigo. Da aka ɗaga hannu, masu son sulhu suka rinjaya. Daga baya can wani ya ƙwala ihu, "An toshe wa Tsawa baki!" Wasu suka amsa.

Yaya ta fito waje. Kalmar nan ita ce ke cin ranta tun safe, ga ta yanzu a bakin duniya. Tana cikin wannan tunani ta sa ƙafa a titi ba ta duba ba.

"YAYA!"

Ta ja da baya, wata babbar mota ta wuce har iskarta ta ɗaga mata gyale. Muryar nan dukan titi ya ji ta, garau, ba tsaga ko ɗaya. Masu fitowa daga zaure suka tsaya cak. Tsawa na riƙe da hannunta, tawul ɗin ya faɗi ƙasa.

Ta ja shi har ɗakinta, ta rufe ƙofa.

"Warkewa ta zo da sauri, ɗan ƙanena."

"Yaya, zauna."

"A tsaye na goya ka, a tsaye zan ji. Me suka yi maka alkawari? Kansila?"

Ya shafa fuska. Ya ce Mai Farar Mota so yake a kai ma'aikata ƙofar ma'aikatar ƙwadago a yi hargitsi, a ɗauki hoto, don a kunyata abokin hamayyar ɗan takararsa. In an fasa kawunan mutane, ribarsa ce. Ya ce shi ya ƙi. Amma shekaranjiya da Shugaba ya zaunar da shi yana gaya masa abin da zai faɗa a taro, sai ya ji kalmomin Mai Farar Mota ne sak, har karin maganar da ya yi amfani da ita.

"To me ya hana ka hau ka faɗi haka?"

"Shaida fa? Kuma kin san ma'aikatan nan in na yi magana. In na ce Shugaba ya sayar da mu, a zauren nan, da bakin nan nawa, gawarsa za a fitar. In na ce a zauna, za su zauna don ni na faɗa, ba don sun auna ba. Yaya, na kai inda ban san maganar wa ke bakina ba."

"In ka ƙi, me motar ke yi kullum a ƙofarmu?"

"Wanda ya yarda ai ba a yi masa zarya."

Amsar ta yi kyau. Kyanta ne ma ya dame ta. Tun yana yaro in ya fasa kwano yakan tsara bayani har ta ji kamar ita ce da laifi. Mai baki ko gaskiya ya faɗa, sai ta yi kama da gwaninta.

"Ka yi mini ƙarya da safe," ta ce.

"Na yi."

"Har da matarka?"

"Da ta sani, da fuskarta ta tona ni."

Ta buɗe masa ƙofa ya fita.

Kafin mako ya ƙare an cire shi daga kakaki. An yi sulhu, an sami abin da aka samu, ba yawa, injuna suka tashi. A wurin cin abinci, benci kan yi fili in ya zauna. Wasu na cewa kamfani ya saye shi, wasu na cewa jam'iyya ce, ciniki ne bai faɗa ba.

Mai Farar Mota ya sake zuwa wata Asabar da hantsi. Yaya ta kashe rediyo, ta hau matakala a hankali, ta tsaya jikin bango. Muryar baƙon kawai take ji, yana lallashi, yana dariya, yana ambaton manyan mutane. Daga Tsawa ko tari. Da mutumin ya fito, fuskarsa ba ta gaya mata komai ba. Har gaishe ta ya yi, "Sannu da gida, babbar Yaya."

Lokacin kamfen ɗin zaɓe ya zo, aka ga Shugaba a kan dandamalin jam'iyyar, yana karanta jawabi mutane na hira. Tsawa bai hau ko'ina ba. Matar ɗaurin kaya ta tare Yaya a bakin famfo ta ce, "Ashe ƙanenki yana da gaskiya."

"Wataƙila," in ji Yaya, tana wanke shuɗin rini daga hannunta.

Ta koma hawa sama suna cin abincin rana tare ran hutu, tana tsokanar matarsa, yana ba su labari suna dariya. Amma ran da ya sayi sabon takalmi, sai da ta bi ta shagon ta tambaya ko shi da kansa ya zo ya biya.