Jinin Nababa Wanzami

Ga ta nan, ga ta nanku, amma ta yau ba ta Gizo ba ce, ta maƙwabta ce.

Ta zo mu ji ta.

"Kwana uku ke nan, Iya, ko mutum ɗaya bai miƙo hannu ba!" Rahmatu ta dire kula a tsakar gida, kwalaben ciki suka yi ƙara, duk wayam.

Iya Kaltume ta ɗago daga tankaɗen da take yi, ta dubi jikarta. Shekarar kulle ce, shekarar da korona ta rufe kasuwar Ɗambatta, aka yi ta jin rasuwar tsofaffi daga birni har ƙauyensu Bacirawa. Da abin ya lafa, likitoci masu bincike suka tura ma'aikata ƙauyuka a ɗebi jinin tsofaffin da suka yi zazzaɓi da tari suka tashi, a duba ko jikinsu ya yi garkuwa. Rahmatu kuwa ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, ita ta cika baki ta ce a ba ta garinsu. Ga shi gobe mota za ta zo ɗaukarta. In ta koma hannu rabbana, an cire garin daga binciken, kunya kuma a kanta.

"Me suke ce miki?"

"Kowa sai 'in sha Allahu', ya saɓi fartanya ya wuce."

Iya ta kakkaɓe hannu, ta yafa mayafi. "Taso mu je wurin tsohon banzan nan."

Nababa wanzami take nufi, taubashinta, wanda katanga ɗaya ta raba su. Korona ta kayar da shi ya tashi, amma ta bar masa zuciya a gajiye, ƙafafu a kumbure. Kowa ya san tafiya ta matso, shi ma ya sani, bai kuma fasa tsiya ba.

"Salamu alaikum. Au, ba ka mutu ba?"

"Ke nake jira ki yi gaba ki share mini hanya, baiwata."

Rahmatu ta durƙusa ta gaishe shi, ta zayyana masa komai. Ya saurara ido a lumshe, sannan ya yi tambaya ɗaya tak.

"In kun gama duba jinin, ragowar ina kuke kaiwa?"

"Ragowa kuma, Baba?"

"Kin ji ba! Shekara hamsin ina yi wa garin nan ƙaho, ko ɗigo ban taɓa bari a fili ba. Rami nake haƙawa a gaban mai jinin, in zuba, in rufe, ya taka da ƙafarsa, sannan ya tafi hankali kwance. Ke kin zo kina ta wa'azin garkuwa, ba ki gaya musu makwancin jininsu ba."

Rahmatu ta riƙe baki. "Wallahi ƙonawa ake yi, Baba, a binne tokar a rami."

"Kin gani da idonki?"

"Da hannuna nake kaiwa."

"To shi za ki faɗa. Ku fitar da ni ƙofar gida."

Bayan la'asar aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, maza suka taru, mata na leƙe ta zaure. Rahmatu ta faɗi makwancin jinin, Nababa ya sa ta maimaita har sau uku. Sannan ya naɗe hannun riga ya miƙa, kamar sarkin yaƙi.

Sai da ya hango allura. "Kai! Tsaya, 'yar nan. Babu ƙanwarta?"

Wuri ya kece da dariya. Mati mai awon gero har da faɗuwa. "Haba Baba, kai da ka yi wa garin nan kaf kaciya!"

"Aska a hannuna take, ja'iri. Wannan a hannun wani take."

Iya Kaltume ta matso ta kare masa ido da gefen mayafinta. "Rintse, ragon maza." Yana cikin jan hasbunallahu, Rahmatu ta ce an gama. Ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta a rana, ya juya ta da idon mai sana'a.

"Jinin kirki ke nan. Ba irin na Kaltume ba, tsinkakken kunu."

"Ɗebi nawa a gwada!" in ji Iya, ta zauna daɓas. Shi ke nan fa, layi ya miƙe. Kafin a kira magariba kwalba talatin da ɗaya ta cika.

Nababa ya ce ba inda za shi sai ya ji sakamako. Iya kullum tana kai masa kunun tsamiya, tana ganin jikinsa yana ragewa kamar sabulu a ruwa, ta koma gida ta share hawaye. Ran kwana goma sha shida da safe Rahmatu ta bugo waya daga birni, Iya ta kara masa a kunne.

"Baba, garkuwarka ta fi ta kowa a garin," in ji Rahmatu.

"Har ta Kaltume?"

"Ninki biyu ma."

"Ɗaga murya, tana kusa!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Washegari Juma'a da hantsi ya kurɓi kunu, ya yi kalmar shahada, ya cika da ragowar murmushi a fuska. Allah ya jiƙan Nababa.

Zabirar aski ta koma hannun ɗansa Abdulƙadir. Rahmatu tana nan a ɗakin gwaji, yanzu ita ke koyar da sababbi. Mati ya aurar da 'ya'ya uku. Iya Kaltume kuwa ta ƙara shekara huɗu, har ta koma ga Allah tana rantsuwa na'urar gwajin ce ta yi son kai.