Bushon a Ƙasan Gado

Warin ne ya fara iske Sa'adatu. Tana shara ta duƙa ƙasan gado, sai wani tsami-tsami ya daki hancinta. Ta jawo buhun da mijinta Cha'ibu ya tura can ciki ranar da ya dawo daga Kotonu da kamyo, babbar motar kayan da yake tuƙawa. Buhun cike yake taf, amma bai kai nauyin matashin kai ba.

Ta kwance bakinsa. Ƴan guntaye ne masu kama da itace, kowanne kamar babban yatsa, laushi gare su in an matsa. Gefe guda na kowanne ya rine ja. Ta san su. Ta taɓa ganin irinsu zube bayan wata mashaya a Malanbil: bushon ne, abin toshe kwalbar giya.

Ta zauna a ƙasa, tsintsiya a hannu. Abubuwa suka riƙa dawo mata. Goron da ya tsiri ci da yawa. Yadda yake wucewa wanka kafin ya ɗauki Kausar, ƴarsu. Jan idon da yake cewa rashin barcin hanya ne. Mutum nawa za su sha kwalaben da suka cika buhu? Ko sayarwa yake yi? Ba ta san wanne ya fi muni ba.

Ba ta jira shi ba. Ta ɗaure kayanta ta ajiye a ɗaki. Ta ƙulle bushon guda a bakin zane, ta goya Kausar, ta hau kabu-kabu daga Gaya zuwa Tunuga, wajen mahaifinta. In gaskiya ne, ba za ta sake kwana ɗakin nan ba.

Malam Yacuba masunci ne, kuma shi ke jan sallah a masallacin bakin ruwa. Ta same shi a bayan gidan yana gyaran taru. Da ta gaishe shi, ta kwance zanen ta ajiye abin a gabansa.

"Baba, dubi abin da surukinka ke ɓoyewa a ɗakina. Buhu guda."

Ta zaci zai yi salati. Sai ya yi tari, ya jawo tarun ya tattara shi bayansa.

"Buhu guda, kika ce? Ya iso ke nan."

"Mi ya iso?"

Ta bi hannunsa da kallo. A igiyar saman tarun, inda da can yake ɗaura guntayen farin soso don kada ya nutse, an jera bushon uku-uku, an huda an zura. An wanke su, amma jan bai gama fita ba.

"Baba!"

"Yi a hankali, uwarki na madafa." Ya rage murya. "Ni na sa shi. Masu shara a otel suke tara masa. Soson nan gutsurewa yake cikin ruwa, na sha feɗe kifi in tarar da shi a ciki. Wannan ko ɓawon itace ne. Ba ya shan ruwa, ba ya ruɓewa da wuri. An ce itacen ma ba sare shi ake yi ba, ɓare shi ake ya sake sabon ɓawo."

"Ɓawon itacen da ya kwana cikin giya."

"Sau nawa nike tafasa shi da toka! Amma kin san mutanenmu. Su ji liman na kamun kifi da murfin barasa, gobe ni kaɗai a sahu. Shi ya sa na ce ya yi shiru, har ke."

Sa'adatu ta juya bushon a tafin hannunta. Zancen ya hau, amma ba ta ga abin da zai hana mai ɗauko murfi ya ɗanɗana na cikin kwalba ba.

"Ka tabbata shara kawai yake kwasowa?"

Tsohon ya jawo tarun gabansa. "Ni dai murfi na aike shi. Bakinsa ke kike kusa da shi, ɗiyata."

Ta koma Gaya kafin la'asar. Da Cha'ibu ya shigo ta kawo masa tuwo, ta aza bushon a kan faifan. Ya tsaya da hannu a sama.

"Kin je Tunuga?"

"Na je. Baban Kausar, huro mini."

"In yi mi?"

"Tofar da goron nan, ka kurkure baki, ka huro."

Ya dube ta, ya ga ba wasa take ba. Ya kurkure, ya matso, ya huro mata iska a fuska. Albasa ta ji, da ɗacin goro. Ta sa ya sake. Albasa dai.

"To, madam duwan mai binciken iyaka, kayana sun wuce?"

"Na yau sun wuce," in ji ta, ta tura masa kwanon miya. "Buhun nan kuma ya bar mini ƙasan gado. Daga yanzu ni zan riƙa tafasa su, ina gani."

Ta shiga ɗaki ta mayar da kayan da ta ɗaure cikin akwati, amma ba ta kwance ɗaurin ba.