Ban Kulle Layinka Ba

…da ma kwaɗon na fara dannawa. Ɗan kwaɗon nan na gefen layin fiyanonka, Yaya. Sau nawa ka faɗa min? "Kai Dogo, kulle abin da ya yi daɗi kafin hannunka ya yi masa karambani."

Yanzu ga su a allon kwamfuta, 'yan sanduna kore, kowane a kan layinsa cif, kamar 'yan makaranta sun ga bulala. Kai ka koya min MIDI ba sauti ba ne, sawun yatsa ne: yaushe ka danna, da wane ƙarfi, yaushe ka ɗaga. Sawunka na ƙarshe ke nan, kwana shida kafin zazzaɓin ya kwantar da kai.

Ganga kawai mawaƙiyar da muke haɗa wa kiɗan ta ce tana tangaɗi. Ganga. Ni kuma ido a kumbure, kwana uku da gama zaman makokinka, na zaɓi duka har da fiyanonka, na danna kwantaiz, abin da ke jan kowane bugu ya zauna daidai kan lokaci. Na adana, na rufe, na tafi gida. Yau na buɗe: ba hanyar komawa baya, ba kwafi. Na duba har kwandon shara.

Kiɗan ya yi tsaf. Kowa ma zai iya zama ya buga shi.

Hannunka na hagu kullum sai ya makara kaɗan, saboda ɗan ƙaramin yatsan da na datse maka da ƙofa muna yara, ka ce wa Mama kai ka faɗi, don kada a dake ni. Bai ƙara miƙewa ba. A makarar nan kake numfashi. Ni na karya shi, ni kuma na zo na… gyara shi?

Tun hantsi nake jan sandunan ɗaya-ɗaya, in mayar da su inda ka buga su. Wannan baya kaɗan. A'a, ya yi yawa, kamar maye. Dawo da shi. Fanka na juyawa, kujerarka na ƙara idan na jingina, kofinka har yanzu yana kan sifika inda kake hana kowa ajiye kofi. Sandunan ɗari huɗu da goma sha biyu ne. Na yi sha tara.

Mama ta ce in kawo mata ta ji da la'asar. "Ko hannunsa in ji." Me zan kai mata? Idan ta gane, na shiga uku. Idan ba ta gane ba fa?

In rufe ido, in rera yadda kake bugawa, sai in bi. Bakina ya fara… tsaya. Sake.

Daidai yake fita. Cif a kan layi.

Sau arba'in na saurari gyararren nan yau, Yaya. Kunnena ya riga ya koya.