Izinin Kiran Shanu

Ina da wani hali da matata ta gaji da magana a kansa: ba na buɗe abu idan sunansa ya riga ya gaya mini abin da ke ciki. Littafi, saƙon waya, har kwanon abinci. Duk da haka ni jami'a ta zaɓa in kula da haƙƙin mallaka a cibiyarta ta karatu daga nesa da ke Tambuwal.

Aikin ba wuya. Duk abin da malami ya ɗora a shafin karatu, ko babin littafi ko hoto ko murya, sai ya biyo ta kwamfutata. Idan nasa ne, ko yana da izinin mai shi, in danna kore. Idan babu, in danna ja, kwas ɗin gaba ɗaya ya rufe har sai an kawo izini. Danna ja nawa ne ni kaɗai. Cire abin da aka danna wa ja kuwa sai kwamiti, kwamiti kuma ba ya zama sai bayan jarrabawa.

Wata rana na ga Dokta Abdulganiyyu, mai koyar da lafiyar al'umma a karkara, ya ɗora murya mai suna "Kiran shanu na Arɗo Ubaidullahi, Fakku". Babu izini a haɗe. Na danna ja, na tafi cin abinci da jin cewa na kare haƙƙin talaka.

Kafin in wanke hannu Sharifa ta kira. 'Yar ƙanwata ce, ma'aikaciyar lafiya a Kebbe, kuma da wannan kwas take jiran ƙarin girma.

"Kawu, wa ya rufe muna shafi?"

"Doka ce, Sharifa."

"Doka tana da yatsa? An ce kai ad da ja da kore. Jarrabawa mako mai zuwa, kuma wanda bai yi gwajin cikin shafi ba, ba shi zama. In ta wuce ni sai baɗi."

Na kira Dokta. Yana Sakkwato wurin taro. Ya ce shi dai bara ya je rugar Arɗon, ya kunna waya, ya dawo, ya ɗora don kwas ɗin ya yi kama da na zamani. Ya ƙara da cewa tunda ni na rufe, ya tabbata na san yadda ake buɗewa.

Washegari na kama hanyar Kebbe. Damina ba ta gama tafiya ba, hanya duk taɓo. Sharifa ta same ni a tasha da rigar aiki, ta samo ɗan kabu-kabu da ya san rugage, ta ce ba za ta bar ni in je ni kaɗai ba, don kada in ga sunan ruga a bakin wani in dawo in ce na je. A Fakku aka ce Arɗo ya ja shanunsa nesa da gonaki har a gama girbi. Muka bi kashin shanu da kwatancen mata masu tallar nono. Sau ɗaya na sauka daga babur ba da niyya ba.

Muka same shi a gindin kirya, dattijo siriri, sanda a kafaɗa. Aka yi gaisuwa har na manta da abin da ya kawo ni. Aka kawo nono a ƙwarya. Sai da na shanye ya tambaya ko lafiya.

Na yi masa bayani kamar yadda aka koya mini: kiransa dukiyarsa ce, ba mai ikon sa shi a intanet sai da yardarsa.

Ya ce, "Na tuna malamin, mai hular zanna. Ni dai na gaya mai tun sannan, ba a kiran shanu sai in za a kai su ruwa. In ka kira su ga banza, gobe ba su zuwa."

Na gyaɗa kai. Na ɗauka hikima ce irin ta manya, har na yi niyyar faɗinta a taron ma'aikata.

"To Baffa, kun yarda a bar shi?" in ji Sharifa.

"Ɗiyata, ba nawa ba ne ni ɗai. Kiran da shanun ya zo, shanun kuwa na innarmu ne. Yayata Hinde na da rabo ciki. In na ba da ba da saninta ba, mi zan ce mata?"

Rugar Hinde na hayin rafi. Muka naɗe ƙafar wando, ni da ɗan kabu-kabu, Sharifa ta riga mu hayewa. Tsohuwar tana tankaɗe a ƙofar bukka. Ta saurari Sharifa har ƙarshe, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wanga shi ar rufe maki karatu?"

"Shi ne, Inna. Kawuna ne."

"Allah Sarki. Kowa da nashi." Ta koma kan tankaɗenta. "Shanun nan na jin intanet?"

Na ce a'a.

"To ku sa. Amma a ce na innarmu ne, kada a ce na Ubaidu. Shi ko a ƙuruciya muryarshi ba ta kai tawa ba."

Na kunna waya, ta maimaita yardarta da bakinta, doka ta amince da hakan. Muka sake haye rafi, Arɗo ya yi nasa, ya kuma sa aka sake kawo nono, wanda cikina bai yafe mini ba sai bayan kwanaki.

Da na koma ofis na haɗa izinin biyu, na gyara suna kamar yadda Hinde ta ce, na danna kore. Shafi ya buɗe. Sharifa ta yi gwajinta, ta zauna jarrabawa, ta aiko mini da kaza. A taron ma'aikata shugaban cibiya ya ambaci sunana, ya ce irin wannan himma ake so. Na sunkuyar da kai kamar ban saba ba, alhali da gaske ban saba ba.

Da aka watse na zauna, na ce bari in ji abin da na yi wa wahala. Na danna. Na saurara daga farko har ƙarshe, na ƙara sauti, na sake. Babu muryar mutum a ciki. Iska ce, sai saniya ɗaya da ta yi kuka wajen tsakiya.