Hannun Kafinta a Kan Matashi

Auta tana da doka guda a kan karatu, kuma ba ta taɓa karya ta ba: ba a leƙen gaba. Littafi daga shafin farko ake fara shi, a bi shi tiryan-tiryan har inda marubuci ya ajiye alƙalami. A wurinta, mai tsallake shafi da mai satar amsa a jarrabawa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Wata ƙawarta a shagon ɗinkin da take aiki ta taɓa faɗa mata wanda ya kashe attajiri a wani labari, sai da suka daɗe ba sa ga maciji da juna. Littattafan labari kuwa ta cinye su ba adadi, na soyayya da na 'yan sanda da na aljanu, har Babanta yana tsokanarta cewa ranar da gidan ya kama da wuta sai ta ƙarasa babi kafin ta fito.

Baban nan kafinta ne. Wata safiya yana goge ƙafar kujera a rumfarsa sai abin gugar ya suɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka, bai ƙara miƙewa da kansa ba. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, na dama. Da aka sallame shi baki ya ɗan karkace amma magana tana fita a hankali, ƙafa tana ja, hannun dama kuwa ya zube, sai babban yatsa da manuni da ke ɗan motsi in ya matsa musu. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa, yayyenta mata kowace tana fama da nata gidan, Yayansu namiji yana aiki a wani gari mai nisa. Ba a yi taro ba, ba a tambaye ta ba. Kowa ya dubi Auta, Auta ta dubi ƙasa, magana ta ƙare. Ta gaya wa mai shagon cewa za ta dawo da zarar hannun Baba ya iya kai cokali baki.

Yaya ne ya tsaya da likita ranar sallama, waya a kunne ɗaya, likita a ɗayan. Da zai koma ya dire mata wani littafi mai kauri a kan cinya, na jinyar masu irin wannan ciwo.

"Komai na ciki," in ji shi. "Ke da ba kya gajiya da karatu, yau ga ranarsa."

"Yaya, me likitan ya ce?"

"Abin da ya ce ke nan a ciki, har da ƙari. Ki karanta tsaf. Ni motarmu za ta tashi."

Ya tafi ya bar ta da ɗakin. Gado ne da kujerar roba da bokiti, da taga da ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta. Fanka tana juya warin man zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Iyakar tafiyar Auta kantin magani a bakin layi, shi ma sai Baba ya yi barci, kuma da gudu-gudu take dawowa, zuciyarta na raya mata ya mirgino ƙasa. Wani lokaci takan jiyo ƙarar keken ɗinki daga wani gida, ƙafarta ta hau bugun ƙasa ita kaɗai, sai ta ji kunya ta tsayar da ita.

Ta buɗe littafin da kyakkyawar niyya. A gaba akwai shafin da aka jera sunayen babi-babi, ta kawar da ido ta wuce shi da sauri, don a ganinta wannan tonon silili ne, ina daɗin tafiya in an riga an faɗa maka inda za ka sauka? Ta fara daga farko kamar mutuniyar kirki. Sai ga jijiyoyin jini, ga zanen ƙwaƙwalwa an yanka ta biyu an ja kibiyoyi. Ba wanda ya shigo ɗaki, ba wanda ya yi sallama, ba wanda ke son wani. Shafi biyu take yi idonta ya fara yaji. Sai ta ninke gefen takarda, ta jawo wani tsohon littafin soyayya daga ƙarƙashin kujera ta wanke bakinta da shi, ta ce gobe za ta ƙara ƙoƙari.

Da ta watsar da shi tun a nan, da wataƙila ta tambayi wani. Amma a babi na biyu marubucin ya kawo misalin wani tsohon direban babbar mota, wanda ciwon ya kama ta dama, yatsu biyu kawai suka rage masa da motsi. Auta ta gyara zama. Ga mutum a ƙarshe, kuma ga Baba sak. Ta juya shafi tana ɗokin jin ko ya sake riƙe sitiyari, sai marubucin ya koma kan hawan jini kamar bai taɓa sanin wani direba ba.

"Kai, wannan mutum bai iya ba da labari ba," ta faɗa a fili.

"Wa?" Baba ya tambaya daga gado.

"Mai littafin nan. Ya ɗauko bawan Allah ya yar a hanya."

"Zai dawo masa," in ji Baba, kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya. "Kafinta ma yakan ajiye ƙafar tebur, ya je ya yanko samansa."

Ita ma haka ta ɗauka. Duk littafin da ta sani, wanda ya ɓace a babi na biyu yana nan tafe a na goma. Don haka ta ci gaba da bin shafi bayan shafi, ta ratsa babin gishiri, ta ratsa na magunguna masu sunaye kamar zagi, ta ratsa na hoton kai, tana jan ƙafa, tana jiran direbanta.

Jinya kuwa ba ta jira littafi ba, ta yi ta yadda ta sani. A labaran da ta karanta, marar lafiya kwantar da shi ake yi, a gyara masa matashi, a goge masa goshi, a ba shi abinci a baki. Ta ɗinka wa hannun ɗan ƙaramin matashi da hannunta, ta ɗora shi a kai, ta lulluɓe shi da tawul kada sanyin fanka ya taɓa shi. A farkon dawowarsu Baba yakan yi ta fama da kofin shayi. Ya sa hagu ya tura hannun daman kusa, ya ciji leɓe, gumi ya keto masa, yatsun nan biyu suna rawa a jikin kofin. Ganin haka yana tsinka mata zuciya. Mutumin da ke dasa ƙusa da bugu ɗaya, yau kofi ya gagare shi!

"Bari, Baba, kada ka wahalar da shi. A bar shi ya huta."

Baba ya dubi littafin da ke kife a cinyarta, ya dube ta, ya saki kofin. Bayan 'yan kwanaki bai sake miƙa hannun ba.

Masu zuwa dubiya ba su da magana sai yabonta. Gwaggo, ƙanwar Baba, takan zauna a bakin gado ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan, ko ƙuda ba kya bari ya sauka masa." Auta ta yi murmushi, amma yabon nan nauyi yake ƙara mata. Duk wanda ya ce babu kamarta, abin da yake nufi shi ne ba sai ya karɓe ta ba. Su sha ruwa, su yi addu'a, su sa takalmi su fita, ita ta kwashe kofuna.

Watanni suka shuɗe. Yatsun suka fara lanƙwashewa zuwa cikin tafi. Da ta fara lura har murna ta yi, ta ce hannun ya fara koyon damƙa. Sai wanke tafin ya zama aiki, sai ta cusa tsumma da ƙyar, Baba yana runtse ido.

Wata rana da la'asar, Baba yana gyangyaɗi, ta iso wani babi can wajen ƙarshen littafin. Sunan babin kawai ta gani gabanta ya faɗi: motsa hannu da yatsu. Marubucin da ya yi ta kewaye-kewaye a baya, a nan bai ɓoye komai ba. Ya ce watannin farko su ne suka fi daraja. Ya ce a riƙa buɗe yatsu ana miƙar da su kullum, in ba haka ba su ƙage. Ya ce duk ɗan motsin da ya rage a sa marar lafiya ya yi ta aiki da shi ko da yana zubar da abu, kuma babban kuskuren masu jinya shi ne yi masa abin da yake ƙoƙarin yi da kansa. Har zanen hannu aka yi, riƙe da kofi.

Ta karanta, ta sake karantawa. Ta ɗaga kai ta dubi ɗan matashin da ta yi wa ado da zare shuɗi. Babin nan yana nan tun ranar da Yaya ya dire mata littafin, a cinyarta, ƙarƙashin tafin hannunta, tana ta ninke gefen takarda tana tafe wajensa kamar mai zuwa biki. Ranar ta karya dokarta. Ta hau banke shafuka gaba da baya tana neman direban, ko shi ma an bar shi ya huta kuma ya warke. Ta kai bangon baya, ba shi ba labarinsa.

Ta fita tsakar gida ta kira Yaya a waya, ta faɗa masa abin da ta gani.

"To ke ba ki duba jerin babin ba?" in ji shi. "Ai ba littafin soyayya ba ne. Irin wannan inda ya dame ki nan za ki buɗe. Kowa ya san haka."

"Ni ban sani ba. Cewa ka yi in karanta tsaf."

"Kuma ai kamar likitan ya ce a riƙa kai shi gashin ƙashi."

"Kamar? Yaya, ka gaya mini?"

Ta ƙara jefa masa wata tambayar.

"Kai ka karanta littafin?"

"Auta, ina wurin aiki. Zan kira ki."

Washegari ta samo mota ta kai Baba asibiti, sashen gashin ƙashi. Ma'aikaciyar, wata mace mai gilashi, ta ɗauki hannun ta juya shi, ta gwada buɗe manuni, Baba ya ja numfashi ta haƙora. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi, da Auta ta fi samun sauƙi. Tambaya kawai ta yi yaushe ciwon ya same shi, Auta ta faɗa mata.

"Za mu gwada," ta ce. "Ba a fid da rai, amma ba zan yi miki alkawari ba. Safe da yamma za ki riƙa buɗe su ɗaya-ɗaya, kamar haka. Zai ji zafi. Kada ki fizga, kada kuma ki fasa don ya ɓata fuska."

Suka dawo ɗakin. Fanka tana nan tana juyawa, bangon maƙwabta yana nan a taga. Auta ta san yanzu ba maganar komawa shago a bana, wataƙila har baɗi, kuma ba ta da wanda za ta kai wa ƙara. Ta jawo kujerar roba jikin gado, ta zare matashin daga ƙarƙashin hannun ta jefa bayan ƙofa. Ta kama babban yatsan ta fara ja a hankali. Ya yi tauri kamar busasshen reshe. Baba ya juya fuska bango, kafaɗarsa tana rawa.

"Yi haƙuri, Baba."

"Yi aikinki."

Ta koma kan manuni. Hawaye ya cika mata ido har ba ta ganin farcen sosai. Ta daure ta yi tambayar da ke cinta tun jiya.

"Baba, da can kana ƙoƙarin ɗaukar kofi. Ka san hannu ba ya son zama, kai da ka yi rayuwarka da shi. Me ya sa da na hana ka ba ka yi mini gardama ba?"

 Baba ya juyo da fuskarsa, ba fushi a cikinta ko kaɗan, kuma rashin fushin ya fi komai ciwo.

"Na so in yi," ya ce a hankali. "Sai na ga kullum kina karantawa. Na ce, yarinyar nan ba ta faɗar abu da ka. Haka littafin ya ce."

Auta ta dubi hannun. Saura yatsu uku a dunƙule cikin tafin, Baba kuma ya riga ya mayar da fuskarsa bango yana jira. Ta goge ido da kafaɗa, ta kama na tsakiya.