Na Tsaya wa Dodo Mai Ruwan Hoda

Ƙanena, autanmu, ba mai kiran waya ba ne. Tun da ya samu aiki a wani gari ya yi aure, hirarmu ta koma gaisuwa zalla: kin tashi lafiya, ya aiki, to madalla, sai anjima. Ni kuwa ɗaki ɗaya gare ni a bayan wani bene, ina aiki a shagon wanki da guga, inda injina ke ruri tun safe, kuma ba mai ce mini komai sai "don Allah a fitar da wannan tabon".

Ran nan lokacin hutun rana, ina naɗe rigar wani, waya ta yi ƙara. Shi ne, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Yaya, kin ga abin da suka yi mana?"

Na ajiye rigar. "Su wa? Auta, wa ya rasu?"

"Gem ɗinmu! Sun saki tallan sabon da zai fito. Duba yanzu, ina kan layi."

Gem ne, wasan bidiyo da muka taso muna bugawa a falon gidanmu, rimot ɗaya, kullum da rigima kan wa ke da layi. Duniyarsa duhu ce da hazo: birni rataye da sarƙoƙi masu tsatsa, da wani baƙin dodo da ke sa Auta ya ɓuya a bayana in ya taso. Na buɗe tallan a tsaye gaban teburin guga. Subhanallahi. Sama shuɗiya tas, jaruman duk da manyan idanu, dodon kuwa an yi masa ruwan hoda, ga kumatu suntuma-suntuma, sai ka ce 'yartsanar da ake rataya wa jariri.

Har na buɗe baki zan ce wallahi sun cuce mu. Sai na hango yadda za ta kaya: zai ce ato, in ce ato, shi ke nan, sai anjima.

"Ni dai ya yi mini kyau," na ce.

Sai ya fashe. "Kyau? Yaya, tururin guga ne ya taɓa miki ido?"

"Kai ne ka tsufa da wuri. Komai sai an yi maka shi baƙi ƙirin kafin ka yarda na manya ne."

Muka yi ta yi har mai shagon ta leƙo ta nuna mini agogo.

Washegari ya sake kira. Rana ta uku ma haka. Ashe duniyar masu son gem ɗin ta rabe gida biyu, ana ta yaƙi a dandalin sada zumunta, 'yan duhu da 'yan launi, kowa na kiran ɗan'uwansa jahili. Auta ya zama babban kwamanda a ɓangaren duhu, har da tara sa hannu don a kai wa kamfanin koke. Duk zafin da ya kwaso a can, a kunnena yake juye shi.

Ni kuma dole in nemi makami. In na tashi aiki sai in zauna bakin gado da kwanon abinci a cinya, ina bin sharhin mutanen da ban sani ba, ina tsince hujjojinsu. Na koyi tsayar da tallan in ƙura wa hoto guda ido. A haka na lura inuwar bishiyoyin ba baƙa ba ce, shunayya ce, kuma in dodon ya juya, fatarsa na sheƙi kamar cikin kumfar sabulu.

"Wa ya gaya maka abin tsoro sai ya yi muni?" na ce masa wata rana. "Dodon da ke maka murmushi yana cinye gari ai ya fi mai haƙora ban tsoro."

"Kai, Yaya! A ina kika samo wannan?"

Ban samo ta ko'ina ba, tawa ce. A ranar na gane ƙaryar tawa ta zama gaskiya: na kamu da son dodon nan.

Tsakanin gardama kuma wasu abubuwa kan zubo. A tsakiyar zagin launin sama na ji cewa ogansa na matsa masa. A kan maganar idanun jarumai ya suɓuce ya ce matarsa na da ciki. Wata rana ma ya ce, "Wai tarin nan naki bai tafi ba? Ki je a duba ki mana." An daɗe rabon da wani ya lura ina tari. Na ji daɗi har na ƙona wuyan rigar wani bawan Allah.

Sai kamfanin ya saduda. Suka fitar da sanarwa cewa sun ji koken masoya, tare da sabon talla. Hazo ya dawo, tsatsa ta dawo, dodon ya koma baƙi da haƙora kamar ƙusoshi. Auta bai kira ba, saƙon murya ya turo, yana dariya har da tafi.

"Mun yi nasara, Yaya! Sai haƙuri. Allah ya jiƙan ɗan hodarki."

Na mayar masa da dogon saƙo, na ce matsorata ne, sun bar masu ihu sun tuƙa su. Ya turo hoton fuska mai dariya. A dandali ma kowa ya watse, 'yan launi suka yi ƙorafin yini guda suka kama wata rigimar.

Hutun rana ya koma yadda yake. In zauna kan bokitin da muke kifewa a bayan injin busarwa, waya a gefe, fuskarta sama. Kewa ta ishe ni, ba ta gem ba, ta muryarsa yana ce mini ban san komai ba.

Da abin ya yi yawa na ce to ni ba yayarsa ba ce? Sai da dalili zan kira ƙanena? Na danna lambarsa. Ta yi ta ƙara kafin ya ɗauka, murya ƙasa-ƙasa, da hayaniyar ofis a bayansa.

"Yaya? Lafiya? Wani abu ya faru?"

"Lafiya lau. Kawai dai na ce bari in ji ka."

"Wallahi kin tsorata ni." Ya sauke numfashi. Na ji yana jira in faɗi abin da ya sa na kira. Na laluba, ban samu komai ba.

"To madalla," ya ce. "Bari zan kira ki anjima."

Injin busarwa ya tsaya, ya yi ƙararsa ta gama aiki. Na sa wayar a aljihu na tashi kwashe kayan mutane tun da zafinsu.